Dillali ya riƙe bindigar farautata, gyara ya ƙi ƙarewa

Malam, ka ce bindigarka mai baki biyu, mai lasisi, ta yi watanni wurin dillali alhali garanti bai ƙare ba. Yawanci matsalar kayan gyara ce: daga Turkiyya ko Italiya suke zuwa, kuma ba sa shigowa sai da takardar izini daga ofishin mai ba shugaban ƙasa shawara kan tsaro. A nan abin yake maƙalewa.

Kada ka ɗauke ta ka kai wa maƙerin unguwa. In ka yi haka garanti ya tashi, kuma dokar bindigogi ta 1959 ta hana gyara ba izini. DICON, masana'antar ƙera makamai ta gwamnati da ke Kakuri a Kaduna, ita ma ba wurin zuwanka ba ce, aikin jami'an tsaro take yi.

Ka sa dillalin ya rubuta maka lambar bindigar da ranar da ya karɓa, ka ajiye tare da lasisinka.