.375 ko .416? Amsa ga ƙanena a Garwa

Ƙanena, na ga saƙonka. Ka ce kana bin sawu a yankunan farauta na gefen gandun dajin Faro a Kamaru, kana son ka zo Afirka ta Kudu ka koyi aikin jagoran mafarauta, kuma kana tambaya wane harsashin bindigar farauta ne ya fi ƙarfi tsakanin .375 H&H da .416 Rigby.

In ƙarfi zalla kake nufi, .416 ne. Kamfanin Rigby na Landan ya fito da shi a 1911; harsashinsa giram 26 ne, yana fita da gudun kusan mita 730 a daƙiƙa. Shi kuwa .375 na kamfanin Holland & Holland, na 1912, ya fi shi sauri kaɗan, wajen mita 770, amma nauyinsa giram 19 da ɗoriya. Idan aka lissafa, a ma'aunin ƙarfi da ake kira jul, .416 na kai 6,900, ɗan'uwansa 5,800.

To amma wa zai riƙe bindigar? Baƙon da ya biya kuɗi ya zo harbin ɓauna, .375 nake so in gani a hannunsa. Ba ta dukan kafaɗa sosai, don haka ba ya runtse ido lokacin jan kunama, kuma ita ɗin ce dai zai harbi gwanki da ita daga nesa. Ɓaunar da aka sama a huhu da .375 ta fi kusa da faɗuwa a kan wadda aka sama a tumbi da .416. Kai da ke tsaye bayan baƙo, aikinka daban. Ran da ɓauna mai rauni ta taso daga cikin gamba taku goma gabanka, nauyin harsashi da faɗinsa kake buƙata, nan .416 ke cin kuɗinsa. Tsada kam akwai shi, kuma ba a kowane shago ake samunsa ba kamar .375.

Kada ka sayi ko ɗaya tukuna. Lasisin bindiga na Kamaru ba ya aiki a nan, kuma babu mai ɗaukarka ba takardar izinin aiki. Turanci ma sai ka gyara, Faransancinmu ba ya kai mutum ko'ina a nan lardin Limpopo. Ka fara leƙa Makarantar Namun Daji da ke nan Garwa, wadda ke horar da ma'aikatan gandun daji tun 1970, ka kuma karɓi wasiƙar shaida daga jagoran da kake yi wa aiki kafin damina ta rufe farauta. Ka gaida su Inna.