Amsa kan sauke tsayin MGB

Malam, ka ce motarka MGB, tsohuwar ƙirar Birtaniya mai bamba ta roba, ta yi tsayi da yawa, kana so ka yanke sifirin. Don Allah kar ka yanke, motar za ta dinga tsalle ne kawai. Tun ƙarshen 1974 kamfanin da ya ƙera ta ya ɗaga tsayin irin waɗannan motocin wajen inci ɗaya saboda dokar Amurka, to abin yi shi ne ka sa gajeren sifirin a gaba, a baya kuma ka sa ƙarfen sauke tsayi tsakanin gatari da sifirin mai falle-falle. Amma fa ka fara duba mai a shokazoba, ka duba bushin (robobin da ke mahaɗar ƙarafan ƙafar mota), kuma kar ka ɗaure notin bushin sai motar ta sauka daga jak ta zauna kan tayoyinta, in ba haka ba robar ta yage. Sannan a yi mata alaimen.