Tambaya da Amsa: Yarana gajeru ne, kullum ana kwace mana ribawun

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Ni malami ne a wata sakandare nan cikin Katsina wajen Kofar Marusa, ni ke horar da yaran kwallon kwando bayan la'asar. Wallahi abin da ke cinmu shi ne ribawun, da an jefa kwallo ta bugi zobe ta dawo sai kaga yarana sun daga kai sama kamar masu duban wata, abokan karawa su cafe su sake jefawa, wani lokacin har sau uku a hari daya. Dogon cikinsu ma bai kai kafa shida ba. Sai na nemo dogaye ne ko akwai dabara?

AMSA: Wa alaikumus salam Malam, sannu da dawainiya, Allah ya bada lada. Duban watan nan ya bani dariya amma ai shi ne ciwon gaba daya. Da kwallo ta bar hannun mai jifa ba ita yaro zai bi da ido ba, abokin karawar da yake tsaro zai nema tukuna, ya taba shi, ya juya ya ba shi baya ya dan durkusa ya bude kafafu ya tokare shi da kugu, hannaye a sama, sannan fa ya duba kwallo. Tsayuwar dan kokawa ce kawai, wanda kugunsa ya fi kasa shi ke rike da fili, sai dai banda riko da hannu banda turi, alkalin wasa zai hura fawul.

Batun tsawo kuwa, yana da amfani ba musu, zoben nan mita 3.05 yake daga kasa. To amma Dennis Rodman mita 2.01 ne, a cikin kattan NBA, babbar gasar kwallon kwando ta Amurka, gajere ake kallonsa, kuma shekara bakwai a jere daga 1992 zuwa 1998 ba wanda ya kai shi ribawun. Mutumin zama yake yana nazarin inda kwallon kowane dan wasa ke faduwa in ta kuskure. Wannan ko yaron JSS zai iya koya, jifa daga nesa nesa take fallatsa, jifa daga gefen dama kuma yawanci hagu take sauka, don haka kada yaranka su cunkushe karkashin zobe, nan kwallon da ta shiga ce kadai ke fadowa.

Ga atisayen da na fi yarda dashi. Ajiye kwallo a tsakiyar da'irar fili, yara biyar su kewaye ta, biyar a bayansu, in ka hura usur na baya su nemi taba kwallon na gaba su hana su na dakika biyar. In sun kware sai ka koma gindin kwando, kai ka rika jefawa da gangan tana kuskurewa, ka kafa doka masu tsaro ba za su dauka ba sai ta bugi kasa sau daya. Ranar farko za ka sha haushi, kada ka fasa.

In yaro ya cafe, hannu biyu, ya kawo ta karkashin haba gwiwar hannu a bude ba tare da wulwulawa ba, ya mika ta gefe. Gajere in ya sauke ta kasa ya fara dirbil a cikin cunkoso to ya yi kyauta. Ka kuma gaya musu a dokar FIBA, hukumar kwallon kwando ta duniya, masu hari in kwallonsu ta bugi zobe suka sake cafewa ana ba su dakika 14 sabbi su sake jifa, wato ka gama wahalar tsaro kenan a banza.

Sannan Malam in filin siminti ne ga kurar hunturu, a share shi kafin a fara don santsi yake. Ka sa yaro daya daga benci ya rika rubuta ribawun din kowa a littafi, ka karanta musu bayan wasa kafin ka fadi wanda ya fi cin maki, bayan wata daya ka rubuto mana lissafin.