Me ya sa aka kwantar da Baba rub da ciki?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Likita. Mahaifinmu yana sashen kulawa ta musamman, ciwon huhu ya yi masa tsanani har an sa masa na'urar numfashi. Da na shiga duba shi sai na tarar an kwantar da shi rub da ciki, fuskarsa ta kumbura suntum. Mutumin da numfashi ke gagara, ta yaya za a danne masa ƙirji? Yayana ya ce mu nemi a mayar da shi rigingine. Daga wata 'yar uwa.

AMSA: Wa alaikumus salam. Allah Ya ba Baba lafiya. Ki ce wa yayanki ya dakata tukuna, domin kwanciyar nan ita kanta magani ce.

Mutane da yawa sun ɗauka huhu a gaban ƙirji yake, alhali mafi yawansa ta wajen baya yake. Idan ciwo ya cika huhu da ruwa, aka bar mutum rigingine, ruwan sai ya gangara can baya, zuciya ta zauna a kai, kayan ciki su turo daga ƙasa. Ƙananan jakunkunan iskar da ke wurin sai su tsuke, kamar soson da aka jiƙa aka ɗora wa dutse. Jini kuwa bai fasa bi ta wurin ba, ya zo ya wuce bai sami oksijin ɗin da zai ɗauka ba. Da zarar an kifar da mara lafiya, nauyin ya sauka daga bayan huhu, jakunkunan su buɗe, iska da jini su haɗu. Majina ma ta fi saurin gangarowa a zuƙe ta. Sau da yawa ina tsaye a bakin gado nake ganin lambar oksijin, wato mai nuna yawansa a jini, tana hawa ba tare da an ƙara komai a na'urar ba.

Ba kuma gwaji ake yi da Baba ba. A 2013 aka fitar da sakamakon wani bincike da aka yi a Faransa da Sifen kan mutum 466 masu tsananin ciwon huhu. Cikin waɗanda ake kifarwa aƙalla awa 16 a jere, kashi 16 cikin ɗari ne suka rasu a kwana 28, waɗanda aka bari rigingine kuwa kusan kashi 33. Lokacin korona a 2020 har waɗanda ba su kai ga na'ura ba an riƙa sa su kwanta haka.

Kumburin fuska yana tayar da hankali, na sani, amma ruwa ne ya taru, kuma yakan sace bayan an mayar da mutum rigingine. Ni abin da na fi sa wa ido shi ne gyambo a goshi, kumatu da gwiwoyi, da kuma bututun numfashi kada ya goce. Shi ya sa juyin yake cin mutum huɗu ko biyar, ɗaya a wajen kai ba shi da aikin da ya wuce riƙe bututu. Bayan kowace awa biyu zuwa huɗu sai a sauya wa kai da hannuwa wuri, hannu ɗaya sama ɗaya ƙasa.

Ba kowa ake yi wa ba. Mai karaya a ƙashin baya, ko wanda ƙwaƙwalwarsa ta kumbura, ko wanda aka yi wa babbar tiyata a ciki bai warke ba, sai likitoci sun auna sosai. Don haka ko da wasa kada ku taɓa gyara masa kwanciya da kanku.

In kin koma, ki tambayi nas ɗin da ke kansa nawa lambar oksijin take kafin a juya shi, nawa take yanzu, kuma ƙarfe nawa za a mayar da shi. Haƙƙinku ne a yi muku bayani.