Man kanumfari na iya maye gurbin maganin asibiti?

Malama Uwargida, kin tambaya ko gaskiya ne man kanumfari na kashe ƙwayoyin cuta, har mutum ya ajiye maganin da likita ya rubuta masa. Rabin maganar gaskiya ne.

Sinadarin da ya fi yawa a man kanumfari shi ne yujinol, wanda yakan kai kashi 70 zuwa 90 cikin ɗari. Yana ratsa fatar ƙwayar bakteriya har ruwan cikinta ya tsiyaye. A ɗakin gwaji, ana ɗiga man a kan 'yar takarda, a ɗora ta kan farantin da aka shuka Staphylococcus aureus, wato ƙwayar bakteriya mai haddasa maruru. Washegari sai ki ga fili fetal kewaye da takardar, babu abin da ya tsiro. Amma ƙwayar Pseudomonas aeruginosa, wadda ke addabar masu ƙuna, tana da taurin kai, man kanumfari bai cika yi mata komai ba.

Sai dai faranti ba jikin mutum ba ne. Adadin man da zai kashe ƙwayar taifot a cikin jini zai fara illata hanta tukuna, musamman ta yara. Don haka kada a sha shi. Likitocin haƙori dai sun daɗe suna haɗa yujinol cikin cikon haƙori na wucin gadi, shi ya sa ɗakinsu ke ƙanshin yaji. Ga ciwon haƙori, ɗigo ɗaya a surka da man zaitun, a dangwala da auduga kafin a ga likita. Zallarsa yana ƙona dasashi. Maganin da aka rubuta miki kuwa, ki shanye shi har ƙarshe.