Filin Tambaya: Na Gama Digiri, Ina Zan Yi Horon Asibiti?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Anti. Na kammala digiri a fannin abinci mai gina jiki da tsara abincin marasa lafiya, yau wata takwas ina gida ina jiran horon asibiti na shekara guda. Baba ya ce in za a yi, a yi a Katsina, ba zai bar ni in yi nisa ba. Wata ƙungiya mai aikin tamowa a ƙauyukanmu ta ce za ta ɗauke ni da albashi, wani mutum kuma ya ce in kawo kuɗi ya samo mini gurbi. Shin aikin ƙungiyar zai iya tsayawa a madadin horon? 'Yarki daga Daura.

AMSA: Wa alaikumus salam 'yata, Allah ya sanya albarka a karatun. Mai neman kuɗin nan kada ki ba shi ko sisi. Asibiti da kansa yake tallata gurbi, a jarida ko a shafinsa na intanet ko a allon sanarwa, kuma ofishin asibitin ake kai takarda.

Aikin ƙungiya kuwa aiki ne na lada, kuma jiharmu na bukatarsa ƙwarai. Ƙungiyar likitoci ta MSF tun 2021 take jinyar yara masu tamowa a Katsina, duk wanda ya ga layin uwaye a lokacin damina ya san girman abin. Amma ba zai tsaya miki a madadin horo ba. A can za ki koyi auna damtsen yaro da tef, ki san cewa ɗan wata 6 zuwa 59 da awonsa ya gaza santimita 11.5 yana cikin tamowa mai tsanani, ki raba ƙunshin abincin gyaɗa mai giram 92, ki yi wa uwa bayani. Ilmi ne mai kyau, sai dai ɗaki guda ne a cikin babban gida. Horon asibiti shi zai zagaya da ke ɗakin masu ciwon sukari, da na masu ciwon ƙoda da ake wa wankin jini, da na waɗanda aka yi wa tiyata, da na masu ƙuna, da majinyacin da ba ya iya haɗiya sai ta robar hanci, har kicin ɗin asibiti inda ake auna abin da za a zuba wa kowa. Kuma a duk inda kika tsaya akwai ƙwararriya mai rajista a bayanki, tana duba lissafinki kafin ya isa faifan majinyaci, tana sa hannu a littafinki. Wannan sa hannun ne za a nema ranar da kika je rajista ko neman aikin asibiti. Watannin SIWES, wato horon sanin makamar aiki da kika yi kina makaranta, ma ba a lissafa su a ciki.

Haka abin yake a wasu ƙasashe. A Amurka sai mutum ya cika aƙalla awa 1,000 a ƙarƙashin mai sa ido, kuma tun Janairun 2024 sai da digiri na biyu ake zama jarrabawar rajista. Dalili ɗaya ne, kuskure a abincin mai ciwon ƙoda yana iya kai shi lahira.

Saboda haka kafin ki rubuta takarda, ki taka da ƙafarki zuwa sashen abinci na asibitin da kike so, ki gaishe da shugabar sashen, ki tambaye ta abu biyu: an amince musu su ba da wannan horo, kuma masu rajista nawa ke sa ido? Na ga yarinyar da ta yi shekara cur a wani asibiti tana rabon abinci ba mai duba ta, da ta fito takardar ba ta karɓu ba. Har yau abin na yi mini ciwo, domin yarinya ce mai ƙwazo.

Takardu ba su da wuya. Sakamakon digiri, na WAEC ko NECO, takardar haihuwa, takardar shaidar ƙaramar hukuma, hotuna, taƙaitaccen tarihinki, da wasiƙa zuwa ga babban daraktan asibiti. Ki tabbata sunanki iri ɗaya ne a kowace, harafi da harafi. In akwai bambanci ki je kotu ki yi takardar rantsuwa tun yanzu. Ki karanta tallar da kyau game da bautar ƙasa, don wasu asibitocin wanda bai tafi ba suke so.

Inda ake zubar da mutane shi ne jarrabawa da ganawa. Za a iya tambayarki me ya sa ake fara yaro mai tamowa da madarar F-75 kafin F-100. Ki iya cewa jikinsa ya raunana, zuciyarsa da hantarsa ba za su ɗauki nauyi lokaci guda ba, shi ya sa ake farawa da mai kalori 75 a kowace mililita 100. Za a iya kawo miki dattijo mai hawan jini, a ce ki tsara masa abincin yini. Kada ki karanto musu abincin littafin Turawa. Ki yi maganar tuwon dawa da miyar kuka, ki ce Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce gishiri kada ya kai giram 5 a yini, ki nuna kin san dunƙulen miya da kanwar ɗanwake duk suna ƙara sinadarin sodiyam. Mai ciwon sukari da ke son furarsa, ko ke son yin azumi, me za ki ce masa? Wadda ta iya amsa wannan da Hausar da tsohuwa za ta gane, ni ita nake zaɓa.

Sai batun Baba. Yana da gaskiyarsa, ba uban da hankalinsa ke kwanciya 'yarsa na garin da ba shi da kowa, balle yadda hanyoyi suka zama. Ki nemi Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Katsina da farko. Amma gurabe kaɗan ne, masu nema da yawa, don haka ki bincika na Malam Aminu Kano, da na Shika a Zariya, da na Sakkwato. Kano ta hanyar Kazaure ba nisa ba ce daga Daura. Kada ki je wa Baba da gardama, ki je masa da shiri: ga gwaggon da za ki zauna wurinta, ga ranar farawa, ga ranar gamawa. In da kawu ko malamin da yake jin maganarsa, ki roƙe shi ya raka ki.

Kafin gurbi ya fito, ki karɓi aikin ƙungiyar, ya fi zaman gida, kuma zai ba ki abin faɗa a ganawa. Ki dai gaya musu tun ranar farko cewa kina jiran horo, in ya fito za ki tafi. Ki rubuto mini in kin ga talla, sai mu duba wasiƙar tare.