Saura Shekara Biyu In Yi Ritaya, Amma Zuciyata Ta Riga Ni Tafiya

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Ni shugaban wata makarantar firamare ne a cikin birnin Kano. Na haura shekara 30 ina aiki, saura biyu in ajiye. A da ni nake riga maigadi zuwa, yanzu kuwa sai an gama taron safe nake shigowa, in sa hannu a rajista, in zauna ina duban agogo. Matasan malamai suna cewa a bayan idona wai na tsufa, in ba su wuri. Shin in lallaɓa haka har lokacin ya cika, ko akwai yadda mutum zai dawo da himmarsa?
Daga wani shugaban makaranta, Gwale.

AMSA: Wa'alaikumus salam Malam. Allah Ya ƙara lafiya. Na ji daɗi da ka faɗi abin yadda yake, don yawancinmu idan muka kai wannan gaɓa sai mu ɗora laifin a kan ciwon gwiwa ko cunkoson Ƙofar Famfo.

Ni ma na riƙe alli, kuma na san wannan sanyin jikin. A shekarata ta ƙarshe akwai ranar da na tsinci kaina ina lissafin kuɗin giratuti a bayan takardar jarrabawar wani yaro. Na ji kunyar kaina ƙwarai. Da na zauna na duba, sai na gane ban gaji da yara ba, takardu ne suka ishe ni: cike fom, amsa kiran ofishin ilimi, raba faɗan malamai a kan jadawali. Na yi shekara tara ban shiga aji na koyar ba. Ina zargin kai ma ciwonka ke nan, domin a wasiƙarka ka ambaci rajista da agogo, ba ka ambaci ɗalibi ko ɗaya ba.

Saboda haka shawarata ta farko, ka karɓi aji. Ɗauki 'yan aji ɗaya ko biyu, waɗanda kowa yake gudu, ka riƙa koya musu karatu darasi guda kullum da safe. Mutumin da yara sittin suke jira ƙarfe takwas ba ya makara. Kuma ranar da wata 'yar mitsitsiya ta haɗa baƙi da wasali ta karanta sunanta a gabanka, za ka tuna abin da ya kawo ka wannan aiki tun farko.

Batun matasan malamai kuma, kada ka yi fushi, akwai ƙamshin gaskiya a maganarsu. Dagewa a kan aiki daban, maƙale wa kujera daban, kuma mu a nan muna yawan haɗa su. Ka duba marigayi Alhaji Yusuf Maitama Sule, Ɗanmasanin Kano, wanda shi ma da koyarwa ya fara. Ya yi minista a Jamhuriya ta Farko, ya wakilci Najeriya a Majalisar Ɗinkin Duniya, amma abin da 'yan baya suka fi saninsa da shi ya faru ne bayan ya bar muƙaman gwamnati. Idonsa ya tafi, sai an riƙe masa hannu, duk da haka bai daina zuwa taro yana yi wa shugabanni da matasa nasiha ba har ya rasu a 2017. Malam Aminu Kano ma malamin makaranta ne, ya koyar a Bauchi da Maru kafin siyasa ta ɗauke shi. Ya rasu a watan Afrilun 1983 yana da shekara 62, yana ɗan takarar shugaban ƙasa na jam'iyyar PRP, saura 'yan watanni a yi zaɓe. Ka leƙa gidan Mumbayya a Gwammaja ka ga ɗakin da ya zauna, za ka san ba abin duniya ne ya tsayar da shi ba.

To kai kujerar za ta bar ka ko ka so ko ka ƙi, nan da wata 24. Abin da ya rage a hannunka shi ne wanda zai hau ta bayanka ya iya zama a kai. Ka jawo mataimakinka, da wata malama mai ƙwazo idan akwai, ka sakar musu rajista da jadawali da taron iyayen yara. Su yi kuskure kana nan ka gyara. Ka tafi da su ofishin ilimi na ƙaramar hukuma su san ƙofar da ake ƙwanƙwasawa idan rufin aji ya yaye. Koya musu yadda ake tarbar uban da ya shigo da zafi don an daki ɗansa, da yadda ake zuwa wurin mai unguwa idan yara sun daina zuwa lokacin talla. Waɗannan ba a koyar da su a kwalejin ilimi, a kanka suke, kuma idan ka fita da su sun tafi. Su kuma ka bari su koya maka abin da suka fi ka, ko da shigar da sakamakon jarrabawa a kwamfuta ne. Gemu ba ya hana ilimi.

Sai abu ɗaya da ba ka faɗa ba amma na san yana nan: fargabar fansho. Ita ce take cinye rabin hankalin ma'aikaci a ƙarshen aikinsa, musamman da yake duk mun ga waɗanda suka yi shekaru suna jiran haƙƙinsu. Ba a fafe gora ranar tafiya. Tun yanzu ka tattara takardar ɗaukarka aiki, da ta tabbatarwa, da duk na ƙarin girma, ka tabbata ranar haihuwarka iri ɗaya ce a ko'ina, ka yi kwafi ka ajiye a gida. Ka kuma je a auna maka hawan jini da suga, don wani lokacin kasalar da muke kira tsufa daga nan take.

Ran Litinin ka riga maigadi zuwa, ko sau ɗaya ne, ka tsaya a bakin ƙofa kana amsa gaisuwar yara. In zangon karatu ya ƙare ka sake rubuto mini, ina son jin yara nawa ne a ajin naka suka iya karatu.